Yaya Sani, Me Zan Ce wa Likitar Hafsat?

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Sani kafinta, amma har yau idan aka tambaye ni ciwon da ya yi, sai in kama kame-kame.

Wani lokacin yakan yi kwana da kwanaki ba barci, yana ƙera ƙofofin da ba wanda ya sa shi. Wani lokacin kuma ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ya samu sauƙi. Ranar sallama na tare likita a baranda na ce, "Don Allah, mene ne sunan ciwon?"

Ya ce, "Hajiya, alamominsa sun yi kama da ciwo biyu, ba mu tsayar da ɗaya ba tukuna. Ya riƙa shan magani, ku dawo da shi."

Gaskiya ya faɗa, amma da muka iso Suleja ba suna, sai kowa ya zama likita. Inna ta ce aljanu ne, tunda asibiti ma sun kasa. Kawunmu ya rantse ƙwaya yake sha. Shi kuwa Yaya ya ce wanda bai san ciwonsa ba bai san maganinsa ba, ya watsar da maganin. Ba a jima ba mota ta buge shi a titin Lambata, yana tafe a ƙasa, ba wanda ya san inda ya nufa.

Yau 'yarsa Hafsat, wadda na raina, tana kwance a asibiti, a irin ɗakin da ya kwanta. Likitarta ta ce sanin ciwon mahaifinta zai taimaka wajen zaɓen magani. Yaya, da kana nan da ka ce ka gaya mana. To ni ina zan sa kaina? Wallahi tsoro nake ji.

Ƙofofinsa suna nan a gidajen unguwarmu, ko gara ba ta taɓa su ba. Su da wannan tambayar ya bar mana.

Jibi za a sallame ta. Jiya ta riƙe mayafina ta ce, "Gwaggo, irin na Baba ne?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To kar ki faɗa wa kowa a gida ba a sani ba. Ki ƙirƙiro suna."