Injin da na yi shekara ban tada ba

Tun hantsi nake jan igiyar injin yankan itace, ko tari bai yi ba. Ga darbejiyar da iska ta kayar kwance bisa ɗakin Innata a garinmu Rimawa, kwana biyu tsohuwa tana kwanan maƙwabta.

Na ɗaure shi a mashin sai Goronyo, wurin wani dattijon bakanike. Ya buɗe tanki, ya shinshina.

"Yaushe rabonka da tada shi?"

"Tun bara, Baba."

"To mi kake so ya yi maka? Fetur ya lalace ciki, ya toshe kafireto. Shekara ba gaisuwa, yau ka zo mashi da aiki?"

Ya wanke shi, ja ɗaya ya tashi.

Na koma Rimawa na sare rassan darbejiyar, jikina duk ya mutu. Amma maganar Baba ta fi damuna, don ba inji kaɗai na yi wa haka ba, har mutanen da ban neman su sai buƙata ta taso. Ku fa, jama'a?