Asiya Mai Shayi da Jan Takalminta

Duk wanda ya taɓa sauke buhun riɗi a kasuwar hatsi ta Gadarif ya sha shayin Asiya, ya kuma sha faɗanta. Shekara ashirin tana zaune a gindin bishiya guda da murhunta da kwalaben citta da kanumfari, bakinta kuwa bai bar kowa ba. Mutum ɗaya tak take gani ta yi laƙwas, wato Elfatih, mijin 'yarta ta fari, Rufaida. Kunyar suruki ce irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta ci ko sha a gabansa. Shi ma in ya zo gaisuwa ya tarar da kofi a hannunta, sai ya juya baya har ta gama. Da Sallah ya aiko mata da takalmi ja wur mai fure, irin wanda ba mai shi a unguwar, ita kuwa ko'ina da shi take zuwa.

Haihuwarta bakwai. A ta ƙarshe ta zubar da jini har aka fara salati a kanta. Ungozomarsu Ummusalama ta ce, "Asiya, wani cikin kuma, ba da hannuna ba." Tun daga nan take shan ƙwayar tazarar haihuwa kullum.

To, ga inda wayo ya yi mata yawa. Mijinta Osman direban tarakta ne, da kaka yakan yi wata biyu cur a manyan gonaki. Sai ta ce da ranta, wa za ta sha wa ƙwaya, katifa? Ta ajiye. Ana sati na uku, wani ƙarfe ya karye a jikin tarakta, sai ga Osman ya shigo gari neman wani, ya kwana gida, ya koma abinsa yana fito.

Sai da ta kwana biyu tana juyi kafin ta faɗa wa Ummusalama.

"Ke da jika a hanya, kike wannan shirme?" in ji ungozomar. "Akwai ƙwayar gaggawa, guda ɗaya ce. Ba ta fitar da cikin da ya zauna, hana shi shiga take yi, kuma ba kullum take ci ba. Cikin kwana uku ake so, kin cinye biyu. Tashi!"

Asiya ta tsorata ƙwarai, ta tuna jinin nan. Ta bar murhu, ta tari raksha, wato babur mai ƙafa uku. Kantin magani na farko babu, na biyu ya ƙare. Mai na ukun ya ce, "Sai kantin Elfatih, bayan tasha." Inna lillahi! Duk faɗin Gadarif!

Ta ari baƙar abaya da niƙabi wurin wata maƙwabciya, ta rufe ruf har safar hannu. Ta shiga kantin tana ɗingishin ƙarya, ta maƙale murya, ta zuba Larabci zalla, wai ita baƙuwa ce daga garin Showak, wata ƙanwarta ce ta aiko ta.

Elfatih ya sunkuyar da kai don ladabi, idonsa ya sauka ƙasa. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya juya ya fuskanci kantar magunguna, ya shiga yi wa kwalabe bayani da Larabci.

"Ya Hajja, a gaya wa ƙanwar ta sha yanzu-yanzu, kada ta jira. In ta yi amai kafin awa biyu, a dawo a karɓi wata. In al'ada ta yi lattin sati guda, ta je a gwada ta. Waccan ta kullum kuwa, kullum ake sha, ko maigida yana gari ko yana gona."

Gona! Ita dai ba ta ambaci gona ba.

Ya ajiye ƙwayar a kan tebur, ya tsiyayo ruwa a kofi ya ajiye kusa da ita. "Showak da nisa," in ji shi. Sai ya juya baya, ya harɗe hannu, daidai yadda yake yi a ƙofar ɗakinta.

Asiya ta dubi ƙeyarsa, ta dubi ƙafafunta. Ga jan takalmi nan yana leƙowa daga ƙarƙashin abaya, har da furensa. Kunya ta kama ta kamar ta nutse, amma tsoron barin 'ya'ya bakwai ya fi kunyar. Ta ɗage niƙabi ta haɗiye, ta shanye ruwan tas. Ta fita da sauri, ta ma manta da ɗingishin.

Kwana goma sha ɗaya tana zuba wa mutane sukari sau biyu a shayi. Ranar da al'ada ta zo, ta yi wa 'yan dako shayi sadaka, suka yi ta tambayar ko Osman ne ya sayi tarakta.

Ran Juma'a Elfatih ya zo gaisuwa tare da Rufaida da tsohon cikinta. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya tambayi lafiya da kasuwa, ko kalma bai ƙara ba. Da za su tafi, Rufaida ta miƙa wa uwarta leda.

"Umma, wai in ba ki. Na ce masa na Sallah ko tsufa bai yi ba, ya ce a kai dai."

Asiya ta buɗe. Takalmi ne baƙi, ba fure ba ado, irin wanda rabin matan Gadarif ke sawa.