Ranar da Mai Ƙamus Ya Hana Ni Taƙaita Magana

Cikin duk shekarun da na yi a ofishin noman rani, akwai wata Laraba da har gobe ba ta bar raina ba. A shekarun fari ne, damina ta gaza sau biyu a jere, gero ya ƙone a tsaye, mutanen ƙauyukan da ke gefen dam ɗin Watari suka koma cin rama da tafasa. Ni lokacin ƙaramin akawu ne. Da yake na fi kowa jin Turanci a ofis, ko in ce na fi kowa cika baki da shi, sai aka naɗa ni tafinta.

Ƙa'idar aikin ita ce, kafin a buɗe ƙofofin ruwa don noman rani sai an auna abin da ya rage a dam. In ya isa, manaja ya sa hannu a buɗe. In bai isa ba, a bar ƙofa a kulle, a ajiye ruwan don sha. A waccan shekarar kulle ƙofa yunwa ce har wata daminar, domin rumbunan mutane babu komai ciki.

Wanda aka turo ya yi awon wani dattijon injiniya ne mutumin Girka. Duk aikinsa a teku ya yi shi, a kan manyan dandamalin nan masu shawagi a tsakiyar ruwa, inda masana ke kwana su tashi suna binciken zurfin teku. Da ya zo bai tarar da jirgi ba, sai ya sa aka ɗaure ganguna takwas, aka shimfiɗa katako a kai. Mutanen gari suka sa wa abin suna gadon Bature. Turancinsa kuwa sai a hankali. Yana da ɗan ƙamus na Turanci da Girkanci a aljihu, in na faɗi kalma sai ya lashi yatsa ya hau nemanta. Shi ya sa muke ce masa Mai Ƙamus.

Kwana huɗu muka yi a kan gadon nan, ana tura mu da gora ta tsakiyar ruwa, yana sakin igiya mai dalma a baki yana rubutawa. Duk inda ya saka sai ta tarar da laka kusa-kusa. Ranar Laraba da safe manaja ya kira ni ya ce, "Malam Sani, gobe zan sa hannu a bar ƙofa a kulle. Ka shirya sanar da masu unguwanni."

Da hantsi muna shirin kwance gadon sai ga Baba Tanko, wani tsoho da ruwan dam ya cinye gonarsa ta gado. Ya gaishe mu, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyalin Bature. Sannan ya shiga labari, yadda a da yake kai shanun mahaifinsa shan ruwa, yadda kogi yake bi ta gindin wata kuka, yadda wata saniya ta taɓa nutsewa a can ba a ga ko ƙahonta ba. Kun san dattijon ƙauye ba zai dubi baƙo mai ilimi ya ce masa ka yi kuskure ba. Zagayawa zai yi ya ajiye maka maganar a gefe, in kana da hankali ka ɗauka. Ni ɗan ƙauye ne, na san haka sarai, amma ɓacin rai da girman kan akawu suka rufe mini ido. Na juya na ce wa Mai Ƙamus, "Gaishe ka yake yi, da ɗan labarin da."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tsoho, magana doguwa. Kai, magana gajeriya. Ina saura?"

Na ce ai babu wani abin amfani a ciki. Ko kula ni bai yi ba. Ya zauna a kan katako, ya buɗe littafinsa, ya ja layi a tsakiyar shafi, ya ce yana son kowace kalma. Na roƙi Baba Tanko ya maimaita. Shi ya faɗa, ni in mayar Turanci, Mai Ƙamus ya rubuta a hagu, ya lalubo Girkancinta ya rubuta a dama. Fiye da awa guda muna haka cikin rana, ina ta tsaki a zuci. Da ya gama ya karanta jerin da harshensa, sai na ga ya miƙe tsaye. Ya ce, "Tambaye shi, inda saniya ta nutse, ina ne?"

Baba Tanko ya ce, "To ai ɗana, tun ranar Asabar nake kallonku kuna auna gonakinmu. Kogin ba a tsakiya yake ba, yana can gefen dutse."

Ya tuɓe takalmi ya hau gadon da bismilla. Ya sa aka yi ta tura mu har inda wata kuka da ke tudu ta yi daidai da kan dutsen, ya ce a saka nan. Igiya ta yi ta tafiya har ta ƙare a hannu, dalma ba ta taɓa ƙasa ba. Sai da aka kwance igiyar ganga ɗaya aka ƙara. Muka bi tsohuwar hanyar kogin muna awo har la'asar, tsoho yana nunawa da sanda. Mai Ƙamus ya sake lissafinsa, ya yi ta sambatu da Girkanci, ya rungume Baba Tanko, shi kuwa ya sandare don bai saba da irin wannan ba.

Washegari manaja ya karanta sabon rahoton sau biyu, ya ce, "Ka tabbata, Malam Sani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gabana igiya ta ƙare."

Ya sa hannu a buɗe ƙofa. Ruwan bai isa a yi duk abin da ake so ba, amma ya isa masara da wake. Ranar da ya shigo magudana mata suka yi ta guɗa, tsofaffi suna tsoma hannu suna shafa fuska. Ni na zagaya bayan ofis na yi kuka, don murna da kuma tsoron abin da na so in jawo.

Ku da kuke shigowa aiki yanzu, in an tsayar da ku tsakanin mai ilimin boko da mai ilimin ƙasa, ku kai maganar kowa yadda ya ba ku ita, komai tsawonta. Ba tafinta ne zai zaɓi abin da ke da amfani ba. Ni na zaɓa sau ɗaya, saura kaɗan ƙauyuka su shekara da yunwa a kan labarin saniyar da na raina.