Rabin Littafin Baba da Na Mayar Sabuwa

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun farko. Sana'ata ɗinkin takalmi a kasuwar Kankara, wani lokaci kuma nakan ɗinke littafin da ya yage. Bara Baba, yayan mahaifina da ke wani ƙauye kusa da Sabuwa, ya aiko mini da Littafi Mai Tsarki nasa in yi masa sabon bango. Na ga kaurinsa ya yi yawa, sai na ce a raina ai Tsohon Alkawari littafin Yahudawa ne, mu Kirista Sabon aka ba mu. Na sa wuƙa na raba shi biyu, na ɗinke Sabon da jar fata na aika masa, sauran na jefa cikin kwali. Karatuna iyakarsa firamare, amma ranar ji nake na fi fasto sani.

Tun daga nan Baba ya daina ɗaukar wayata. Makon jiya 'yarsa ta kira ta ce idanunsa sun kusa rufewa, kuma ya ce ko ya mutu kada a gaya mini.

Mun tashi da asuba, ni da matata, na naɗe takardun a sabon zane. Da na ciro su daga kwalin na tarar gara ta ci gefen farko, wajen labarin halittar duniya. A tasha muka zauna har rana ta fito, don yanzu ba direban da ke shiga hanyar nan sai ya ga wata mota ta fito daga can lafiya. Kuɗin mota ya ninka na bara, kujera kuwa ta ragu: mu huɗu a gaba, har da wanda ya raba kujera da direba.

Bayan Yargoje yaron mota ya ce in tura ƙunshina ƙarƙashin kujera, inda aka ɗaure kaji. Wani malami mai carbi da ke gefena ya tambaye ni me ke ciki. Na ce Attaura da Zabura ne da littattafan annabawa. Nan take ya miƙo hannu biyu ya karɓa, ya ɗora a cinyarsa, ya ce wa yaron, "Kai, ba ka da hankali? Wannan ba ya zama ƙasa." Haka ya riƙe shi har Faskari. Matata ta dube ni sau ɗaya, ni kuwa na juya ina kallon dawa da ta sunkuyar da kai a gonaki.

A Faskari muka ci waina da miyar taushe, mai wainar tana ta yi wa matata tsiya wai mijinta ya yi kama da wanda za a kai kotu. Daga nan muka yi ta canjin mota, ƙarshenta sai babur. Hanyar Sabuwa rami ne da taɓo, itatuwa sun yi duhu, in an shiga daji kowa sai fargabar 'yan bindiga. Ga rake da masara ko'ina, amma gonaki da yawa ciyawa ta cinye su, masu su sun gudu.

Da la'asar muka isa. Baba na zaune a gindin mangwaro, jan littafin a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Matata kawai ya amsa wa.

"Ɗiyata, kun zo lahiya? Wa kika taho da shi?"

"Ɗanka ne, Baba."

"Mai wuƙa? To, ya buɗe littahin nan da ya bar mani, shahin farko, ya karanta."

Na karanta. Jerin sunayen kakannin Yesu ne, tun daga Ibrahim, har Dawuda, har ƙasa.

"Su wane ne waɗannan? Mi suka yi?"

Na sake bin sunayen da yatsa.

"Labarinsu na cikin abin da ka yanke," in ji shi. "Kai an haihe ka a coci. Ni da hannuna na yanka baƙin akuya a gindin tsamiya, ina neman a ɗauke mana laihi. Da aka ce mani Yesu Ɗan Rago ne, dariya na yi. Sai da aka karanta mani dokokin hadaya na Musa, sannan na gane. Ta nan na shigo. Littahin nan Yahudawa aka fara ba, har yau suna karanta abinsu, ba su ce mashi tsoho. Shi kanshi Yesu shi ya karanta a majami'a. Kai kuma da wane ilimi ka ga ya yi nauyi?"

Ya ce watannin nan da ido ke tafiya Zabura yake so a riƙa karanta masa, 'yarsa ta buɗe ta rasa ta. An ba shi aron wani, amma nasa ne ke da alamun da ya yi da gawayi shekara da shekaru.

Na kwance zanen na sa takardun a hannunsa. Ya shafa su a hankali har yatsansa ya faɗa inda gara ta ci, ya tsaya. Ban jira ya tambaya ba.

"Baba, gara ce, kuma ni na bar su a ƙasa. Na taɓa abin da ban sani ba, ban tambaye ka ba, na hana ka karatunka lokacin da idonka ke gani. Wannan ba zan iya mayar maka ba. Na zo da zare da basilla, ba zan koma Kankara ba sai na haɗa shi yadda ka ba ni. Na yi laifi, Baba. Ka yafe mini."