Matar da Ta Kai Ƙarar Kajinta Saboda Ni

Kun daɗe ba ku ji bakina ba. Wasu sun ɗauka an rufe mini shafi saboda faɗa, wasu sun ce na shiryu. Babu ko ɗaya. A asibiti nake kwance, murar tsuntsaye ce ta kusa kai ni kabari.

A gidan hayarmu a Jiwa akwai Maman Bitrus, Kirista ce 'yar Filato. Mijinta ya rasu, da kiwon kaji take riƙe 'ya'yanta. Duk wanda ya zauna gidan gauraye ya san yadda ake yi: in za ta dafa kaza, Musulmi take kira ya yanka, don kowa ya iya sa hannu a kwanon. Ni ne mai wuƙarta. Ladana wuya da ƙundu.

Wata safiya ta buga mini ƙofa, wai kajinta suna ta gyangyaɗi, in zo in yanka kafin su zama mushe. Haka kowa yake yi a layinmu. Kaza ta langaɓe, a kai mata wuƙa, a ceci naman. Na yanka, na taya ta figa, gashi har cikin hancina.

Ni da ba na barin takarda ta wuce ni, ko ta naɗin ƙosai ce sai na karanta, na sha ganin labarin cutar nan. Amma a kaina ta manyan gonaki ce, irin na wajen Sheda, ba ta akurkin bayan ɗaki ba.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama ni. Mai kemis ya ce maleriya. Da ta ƙi sauka ya ce taifod. Sai tari. Sai na wayi gari ko zuwa bayan gida na yi, ina haki kamar wanda ya tura mota.

Yayana Sani ya kai ni asibiti. Aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce huhu ne. Allura, ƙarin ruwa, robar iska a hanci. Kuɗin iskar nan kaɗai ya sa Yaya ya sayar da babur ɗinsa. Kullum jiya ta fi yau. Bakin nan nawa da kuka sani, kalmar shahada kaɗai yake iya haɗawa, ita ma a gutsuttsure.

Na ji tsoro. Ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ban sani ba, kaji na ta zubewa a layinmu, masu kajin kuma sun haɗa baki a yi shiru. Wai in hukuma ta ji, za ta zo ta kashe duka, diyya kuwa sai dai a ji a rediyo.

Ana cikin haka Maman Bitrus ta zo duba ni. Yaya ya ce ta tsaya a kaina ta ga halin da nake ciki. Sai ta fita, ta tare likita a baranda, da Hausarta ta 'yan Filato.

"Likita, yaron nan kajina ya yanka. Kajin yana mutuwa. Ni na kira shi."

Likitar ta tambaye ta ko ta san abin da zai biyo bayan wannan magana. Ta ce ta sani, su zo su kashe.

Nan take aka mayar da ni ɗaki ni kaɗai. Masu shigowa suka koma sa safar hannu da takunkumi, idonsu kawai nake gani. Aka zura mini auduga a maƙogwaro aka aika gwaji, aka fara ba ni maganin tun kafin sakamako ya dawo. Da ya dawo, murar tsuntsayen ce. Likitar ta ce mini da matar nan ta yi shiru, da suna nan suna yaƙar ciwon da ba shi ba har in tafi.

A hankali numfashi ya dawo. Ranar da na fara yi wa nas ƙorafin kunu ba sukari, dariya ta yi ta ce lallai na warke.

Ma'aikatan dabbobi sun je layinmu, sun kashe kaji sun binne, sun yi feshi. Na Maman Bitrus aka fara da su, tana tsaye tana kallo. Aka riƙa zuwa ana auna zafin jikin 'yan gidanmu, Allah ya sa ba wanda ya kamu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki waya yau. Na dawo na tarar an daina gaishe ta. Ana ce mata munafuka, 'yar kai rahoto. Mutanen da suka sha cin namanta!

Na same ta zaune kusa da akurkin da ba komai ciki, na ce Mama, me ya kai ki?

Ta ce, "Rufe mini baki. Kaza ana saya a kasuwa. Kai a wane kasuwa zan saya wa uwarka?"

Jama'a, kazar da ta langaɓe ba ta wuƙa ba ce. Ku bar ta, ku kira ma'aikatan dabbobi. Wajen yanka da figa ake kwasar ciwon. Kada ku taɓa matacciya da hannu, kada ku bar yara su yi wasa a akurki, ku wanke hannu da sabulu, nama da ƙwai su dahu sosai. In zazzaɓi ya kama ku bayan kun taɓa tsuntsu, kada ku tsaya a kemis, ku tafi asibiti, kuma ku faɗa da bakinku tun ba a tambaye ku ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yaya, da likitar, da nas-nas ɗin da suka jure halina.

Maman Bitrus, ba ni da bakin gode miki. Allah ya mayar miki da abin da ya fi.

Ku kuma 'yan layinmu, na san kun yi asara, Allah ya mayar muku. Amma duk mai jin haushin kajinsa ya ƙyale matar nan. Saboda ni aka kashe su. Ɗakina ne na ƙarshe a hannun hagu, kuma bakina ya warke.