Gonar da Dangi Suka Zaɓa wa Iri

Lauwali na Unguwar Lalle ko takalmin roba ba ya saye sai ya ji ta bakin guruf. Guruf ɗin na dangi ne, a waya, ya haɗa na gida da waɗanda cin rani ya riƙe a kudu. In ya tsaya gaban mai kaya a kasuwar Isa, sai ya ɗauki hoto ya tura, ya nemi inuwa ya zauna jiran amsa. 'Yan kasuwa da sun hango shi sai su ce, "Ga mai shawara nan, a ba shi benci."

Manomi ne na gaske, mutumin kirki. Kunya ce ta yi masa yawa.

A shekarun nan da ruwa ya riƙa ɗaukewa gero na tsakar fidda kai, rumbunsa ya yi ƙasa har aka cinye irin da ya ajiye. Dole ya sayi wani, ya yi bizne, wato ya rufe iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. In irin bai nuna da wuri ba, gidan zai shekara yana awo.

Ya tambayi guruf. Kawu Labbo, wanda rabonsa da hauya tun Lauwali na goye, ya aiko murya daga Ibadan: zango, mai dogon kai, shi ne gero. Baffa Almu ya ce gajeren nan na Nijar mai saurin nuna. Gwaggo Inno ta ce maiwa, da ita aka raine su duka. Sauran suka bi da "gaskiya ne" ƙarƙashin kowace magana.

"To, wanne ka ɗauka, Malam?" in ji matarsa Saude.

"In ƙi na Kawu, shina gani? In bar na Gwaggo, ita da ta yi mini wanka?"

"Gwaggo za ta ci tuwon, ko mu?"

Ya sayo duka ukun. Bai tsaya nan ba. Don kada wani ya ce an kai nasa gefen da ƙasa ta gaji, sai ya zuba su a ƙwarya guda ya cuɗa, kowane rami ya samu rabonsa. Saude ta tafa hannu ta shige ɗaki.

Gonar ta tashi kamar taron suna, manya da yara. Ruwa ya ɗauke yadda ya saba. Gajeren ya riga ya nuna, zango ya fidda dogon kai ba ƙwaya, maiwa kuwa tana nan kore shar, awaki suka gode. Damman da aka ɗaure ba za su kai gidan bazara ba, amma kawunan da suka yi kyau sun isa irin baɗi.

Lauwali ya tura hotonsu. Kawu ya ce, "Ka ga zangona?" Gwaggo ta ce ita ta san ɗiyan maiwa in ta gani. Baffa ya ce a daina wasa. Kowannensu kuma ya nemi a auna masa tiya, tunda shawararsa ce. Lauwali ya ce wa kowa to.

Da ya je aunawa, ya tarar da inda ya rataye kawunan wayam.

"Saude, ina irin?"

"Shina Burkusuma, rumbun yayana. Ranar bizne za ni in ɗauko."

"Mi za ni ce ma su Kawu?"

"Ka ce gara ta ci."

"In yi ma manya ƙarya?"

"To ka ce matarka ta ci. Ni ba ni cikin guruf."

Ya zauna bakin rumbu da waya a hannu, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. A ƙarshe ya tura, "Allah ya kai mu baɗi lafiya." Aka yi ta jero masa amin, irin kuwa ya kwana Burkusuma.