Abin da Hannatou Ta Ƙi Rubutawa

Hannatou 'yar Damagaram ce, ta daɗe a unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, tana renon 'ya'yan matan da ke fita kasuwa. Ɗakinta a hawa na uku yake, taga kullum a kulle, kaskon turaren wuta kuwa ba ya sauka daga saman kabad sai yara sun tafi.

Bara, da bizarta ta kusa ƙarewa, wani kamfanin reno ya ce zai yi mata sabuwa. Sharaɗin shi ne ta rubuta duk abin da zai iya cutar da yaro a ɗakinta, da yadda take kiyayewa.

Maƙwabciyarta Kamila, Bakanuwa mai jin Turanci, ta zauna da biro. "Yalla, Iya. Mu fara da yaro zai iya faɗowa ta taga."

"A'uzubillahi! Ɗan wa? Ni ba zan yi wa ɗan mutane mugun baki ba, balle in sa hannu."

"Iya, takarda ce fa, ba addu'a ba."

"Rubuta Allah ya kiyaye."

Haka Kamila ta rubuta a kowane gurbi. Matar da kamfanin ya turo ta duba ɗakin, ta yaba, amma ta ce wannan takardar ba za ta karɓu ba. Ta bar wata sabuwar takarda, Hannatou ba ta taɓa ta ba har bizar ta ƙare.

Ni da muke maƙwabtaka, na gan ta ranar da za ta koma gida Damagaram, tana miƙa wa iyaye kofunan yaransu, kowa da nasa.